Wayata a Cikin Guga, a Saman Tsamiya

Mun tashi da asuba daga Isa, ni da kawuna, ƙanen Innarmu.

Abin da ya fitar da mu jarrabawa ce, ta shiga makarantar koyon aikin jinya da ungozoma. Bana ta intanet ake yin ta, a kan kwamfuta mai kyamara, kuma kowa da lokacin da aka yanka masa. Wanda ya kuskure sai baɗi, ni kuwa bara ma haka ta wuce ni. Garinmu ya daɗe babu sabis. Wasu sun ce kashewa aka yi saboda mutanen daji, wasu sun ce na'urar aka lalata. Zuwa Sakkwato ya fi ƙarfinmu. Sai aka ce mana akwai wani tudu a bayan Sabon Birni, wajen iyaka, inda sabis ɗin Nijar yake tsallakowa.

Malamar da ta koya mana kimiyya a sakandare ita ta ara mini kwamfutarta, ta kuma nuna mini yadda waya ke ba kwamfuta intanet: ki kunna data, ki kunna hotsifot, ki sa lambar sirri, sai kwamfutar ta nemo sunan wayar ta haɗu da ita. Ta ja mini kunne a kan abu biyu. Kada wata fuska ta shigo kyamara ban da tawa. Kuma idan intanet ya yanke bai dawo da wuri ba, shafin zai rufe, shi ke nan.

Inna ce ta ce ba za a ga jaka a hannuna ba. Ta naɗe kwamfutar da tawul, ta goya mini ita da zane kamar jariri, na zuba hijabi a kai. A cikin mota wata tsohuwa 'yar Kurawa ta dinga matsawa tana ba ni wuri, har ta ce wanga yaro akwai haƙuri, tun ɗazu bai motsa ba. Kawu ya ce ai gadon ubansa ya yi. Wannan ce dariyar da na yi a duk tafiyar.

Hanyar ba ta da daɗi. Gero ya yi tsawo hagu da dama, har ba ka ganin abin da ke bayansa, kuma kowa ya san abin da ake tsoro. Direba bai kunna rediyo ba. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, ba wanda ya yi ciniki. Mun wuce ƙauyukan da ko kaza ba ka gani, ƙofofi a buɗe, ciyawa ta cinye tsakar gida.

A Sabon Birni muka karya da ƙosai da kunu a tsaye. Kawu ya sayi layin Nijar wurin wani mai shago, aka zuba mana data. Saƙonnin da ke shigowa duk da Faransanci suke, mai shagon ne ya karanta ya ce ta shiga. Daga nan muka hau babur, muka bi wata 'yar hanya cikin gonaki.

Na zata za mu tarar da rumfa ko benci. Ashe tsamiya ce guda a kan tudu, an jefa igiyoyi ta kan rassanta, kowace da gugan roba a baki. A ƙasa waya ba ta kama komai. Sai ka tura saƙonka, ka sa wayar a guga, a ja ta sama kamar ana ɗebo ruwa ta baibai, ka jira, ka sauke ka ga ko ya tafi. Wata dattijuwa ce mai igiyoyin, tana sayar da kwaɗon zogale a gefe. Da ta ga na kwance goyo na fito da kwamfuta sai ta dafe ƙirji ta yi salati.

Na kunna hotsifot, muka sa wayar a guga, Kawu ya ja. Na zauna a gindin bishiyar na ɗora kwamfutar a cinya. Sunan wayata ya fito, na sa lambar sirri, ta haɗu. Amma idan ya ja gugan ya yi sama da yawa kwamfutar sai ta daina ganin wayar, idan ya sassauta wayar sai ta rasa sabis. Da ƙyar muka sami daidai wurin. Ba a iya ɗaure igiyar, saboda iska na juya gugan, dole ya tsaya yana riƙe da ita yana gyarawa.

Na shiga jarrabawa. Na kai kusan rabi sai na ji ƙarar babura. Kafin in ɗaga kai masu jiran saƙo sun watse cikin gero, mai zogale ta bar tirenta. Na ce a raina shi ke nan, mutanen daji ne. Na ƙanƙame kwamfutar a cinyata, na zauna inda nake.

'Yan sa-kai ne, masu tsaron ƙauyukan wurin, da bindigogin gida da layu a damtse. Wani ya kai musu labari cewa wata baƙuwa ta zo da na'ura mai ido tana nuna wa 'yan bindiga hanyar gari. Kun san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma a ƙasarmu. Ba a cika jiran bayani ba.

Babbansu, wani mai furfura a gemu, ya daka wa Kawu tsawa ya ce ya ɗaga hannu. Kawu ya ɗaga. Igiya ta suɓuce, guga ya yo ƙasa, na ga alamar intanet ta ɓace a kan allo.

Ban san lokacin da na ƙwala ihu ba: "Igiya! Don Allah ku kama igiyar!"

Wallahi ban san da wa nake ba. Mai furfurar ne ya fi kusa, ya kai hannu ya cafke ta, kamar yadda kowa zai yi in guga zai faɗa rijiya. Sai ga shi tsaye, bindiga a hannu ɗaya, igiya a ɗayan, yana kallona.

"Ke ɗiyag ga, da wa kike magana cikin abin nan?"

"Ba kowa, Baba. Jarrabawa ce. Ja ta sama kaɗan, don girman Allah. Kuma kada ka zagayo bayana, in ta ga fuskarka an kore ni."

"Au, ganina takai? To shi na nika faɗi!"

Wani a cikinsu ya ce a fasa ta kawai. Kawu yana durƙushe yana rantsuwa, ba mai sauraronsa. Mai furfurar ya ce in da gaskiyata, in karanta masa abin da ke rubuce, yanzu. Ina kuka na karanta tambayar da ta tsaya a gabana da Turanci, na mayar masa da Hausa: mace ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, mene ne farkon abin da za a yi kafin a kai ta asibiti?

Ya sassauta murya ya ce:

"To mi za a yi?"

Na ce a murza mata mara da ƙarfi har mahaifa ta tsuke, a sa mata jaririn a nono, a nemi mota.

Sai na ga ya miƙa wa na kusa da shi bindigar, ya kama igiya da hannu biyu, ya fara ja a hankali. Na ce ƙara. Na ce ya isa. Alamar ta dawo, da jan rubutu na gargaɗi cewa an ji hayaniya, in aka sake za a rufe. Ya juya ya ɗora yatsa a baki, mutanensa suka yi tsit. Haka na ƙarasa sauran tambayoyin, hawaye na ɗiga a kan madannai, mutumin da ya zo kama ni yana gyara mini guga duk lokacin da na ɗaga masa yatsa.

Da na tura, sakamako ya fito nan take. Na ci. Na rufe kwamfutar, na jingina da tsamiyar.

Sun sauke wayar, sun duba kiraye-kirayenta da hotuna, sun mayar mini. Ba wanda ya ba mu haƙuri. Mai furfurar ya karɓi bindigarsa, ya hau babur, sannan ya waiwayo.

"In kin ƙare karatun, kada ki zamna Sakkwato."

Sai bayan sun tafi mai zogale ta fito daga cikin gero, ta gaya mana cewa ɗiyarsa ta fari ta rasu wajen haihuwa a daminar bara, a kan amalanke, kafin a kai ta Sabon Birni.

Mun iso gida da la'asar sakaliya. Inna ta kwance mini goyo, ta tambaye ni yaya hanya, na ce lafiya lau. Sai da na ji muryar Kawu a zaure yana ba da labari sannan na fashe da kuka.

Malamarmu ta ce a wasu wurare mutum yana kwance a kan gado yake haɗa wayarsa da kwamfuta, ba ya ko tunawa ya yi. Mu nan sai da mota da babur da tsamiya, da mai riƙe igiya. Ku da za ku je irin wannan wuri, ku fara gaida masu gari, ku nuna musu abin da ke hannunku kafin ku buɗe shi. Mu ba mu yi ba, saura kaɗan mu biya da rai.

Da na cika takardar neman makarantar, burina in bar ƙasar nan in huta da tsoro. Har yau tsoron bai sake ni ba, ko ƙarar babur na ji sai na waiga. Amma za ni tafi karatun, kuma za ni dawo. Akwai wanda ya riƙe mini igiya.