Lungun Danda

Duk wanda ya san unguwar Nima ya san halin lungunanta. Kowa na son ƙarin ɗaki, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa, don haka hanya ake ci. Wannan ya turo katangarsa taki ɗaya, na gabansa ya rama da taki biyu, har a wayi gari mai ɗan tumbi sai ya bi a karkace. Amma akwai wani lungu a bayan babbar kwata, ta ɓangaren Maamobi, wanda ya yi shekara ashirin da shida bai ragu ba. Ba hukuma ce ta tsare shi ba, kuma mutanen cikinsa ba su fi na sauran lungunan tsoron Allah ba. Wani doki ne ke kwana a ƙarshensa, kuma dole ya fita da safe ya dawo da yamma.

Dokin na Baba Sayibu ne, sunansa Danda saboda farin ƙafafunsa. Baba Sayibu haifaffen Nima ne, jikan wani Bazabarme da ya gangaro da shanu daga arewa bai koma ba. Ubansa ya yi aikin barga a filin sukuwa, a nan ya koyi kama linzami tun bai iya ɗaura zariyar wandonsa ba. Da ya girma ya taɓa karen mota, ya taɓa gadi, ya taɓa dako a kasuwar Makola, duk ba wanda ya riƙe shi. Yana da shekara arba'in da huɗu wani abokin ubansa ya kawo masa ɗan doki daga Bawku, ramamme, duk kaska. Matarsa Asana ta dubi dabbar ta dubi mijinta, ta ce a ƙarshe dai ya samo wanda za su yi ta yawo tare.

Gaskiyarta kuwa. Kullum bayan asuba su biyun za su kama hanyar Labadi a ƙasa, don Sayibu ba ya hawan Danda a kan kwalta. A bakin teku masu shan iska ke hawa a zaga da su a ɗauki hoto. Ranar biki ango ya hau, ranar Salla a yi masa ado a bi gari. Da yamma su biyo ta gefen titi, Sayibu ya yanki ciyawa da lauje ya ɗaura dami biyu, ɗaya a kowane gefen dokin. Da wannan aka ci aka sha, da shi 'yarsu Zuera ta yi makaranta har ta koyi ɗinki.

A shekara ta biyu wani maƙwabci ya turo katanga cikin hanya. Sayibu ba mai cacar baki ba ne. Da yamma ya dawo da dokinsa da damunan ciyawarsa, simintin bai bushe ba, ya ce, “Danda, mu je gida.” Danda ya bi ta inda ya saba bi, layin bulo uku suka zube. Maƙwabcin ya kai ƙara wurin mai unguwa, mai unguwa ya ce ai doki ya riga katanga zuwa. Daga ranar ya zama doka ba tare da an rubuta ba: duk mai son gini a lungun sai ya aika a zo da Danda, a tsai da shi a wurin da kayansa, magini ya ja igiyarsa daga inda ciyawa ta tsaya. Kowa ya san ranar awo damunan Sayibu sun fi na kullum ƙiba, an yi ta gunaguni, amma ba wanda ya taɓa kwance dami ya duba. Har yau in ka shafa tsofaffin katangun lungun za ka ji zane-zanen ciyawa a jikin siminti, wani wurin har da gashin doki.

Sayibu bai san darajar abin ba sai ranar da Asana ta rasu, shekara tara ke nan. A sauran lunguna in an yi mutuwa, a tabarma ake fito da gawa a hannu, ana lanƙwasa ta a kowace kwana, sai an kai bakin titi a sa ta a makara. Asana kuwa daga ƙofar ɗakinta aka ɗora ta, maza huɗu suka saɓa a kafaɗa, ta fita a miƙe ba abin da ya taɓa ta. Yana tafe a baya yana kallon makarar tana wucewa tsakanin katangun nan, sai ya ji wani sanyi a ransa duk da halin da yake ciki. Tun daga ranar ya sa a zuciyarsa cewa shi ma haka zai fita. Ba shi da gida nasa na kansa, ba shi da fili a ƙauye, bai je Makka ba. Wannan kaɗai ya tanadar wa kansa, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Tsufa ya zo musu tare. Haƙoran Danda suka cinye, bayansa ya lotsa, sai Zuera ta jiƙa masa dusa kamar kunun jariri kafin ya iya ci. Gwiwoyin Sayibu su ma suka ƙi Labadi. Shekara huɗu na ƙarshe iyakarsu filin Kawukudi, su tafi a hankali, doki ya tsinci abin da ya samu, mai shi ya zauna a kan dutse. Mutane suka yi ta ba shi shawara ya rabu da shi tun yana da sauran nama. Shi dai sai ya ce ya ji.

A filin nan Danda ya kwanta wata Talata da hantsi, bai sake tashi ba. Wani direba daga Abossey Okai, wanda Danda ya ɗauka ranar aurensa, ya zo da motarsa aka kai shi gonar wani ɗan'uwa a bayan gari aka binne. Sayibu bai yi kuka ba. Abin da ya fi jin kunyarsa shi ne, washegari da ya farka ya tuna ba ciyawar da zai yanka, sai da jikinsa ya yi murna kafin zuciyarsa ta tsinke. Ya gaji, gajiya ta shekaru, irin wadda barci ba ya taɓa ta. Sai ya zauna a bakin turken da ba kowa daga safe har la'asar, laujen na rataye yana tsatsa. Wani lokaci ya ji kamar takun kofato a bakin lungu, ya ɗaga kai, ashe mai tura ruwa ne.

Kwana goma sha tara da rasuwar Danda aka sauke bulo a ƙofar gidan Saddique. Saddique makaniki ne, a gaban Sayibu aka haife shi, kuma ba mugun mutum ba ne. Uwarsa Hajiya Shifa ta shanye ta gefe ɗaya, ba ta iya zuwa ban-ɗakin unguwa, matarsa ce ke fama da fo safe da yamma. Yana son ya yi mata ban-ɗaki a jikin ɗakinta, wurin kuwa babu sai a hanya. Ya zo da kansa ya durƙusa a gaban Sayibu.

“Baba, na zo neman izini. Taki biyu kawai zan ci. Tsohuwa yana wahala paa, kai ma ka sani.”

“Na sani,” in ji Sayibu.

“Da Danda na nan, wallahi ba na taɓa hanya koraa, ko kaɗan. Amma yanzu…” Sai ya sunkuyar da kai.

Sayibu ya so ya yi magana. Ya nemi abin da zai ce ya rasa, don shekara ashirin da shida ba shi ke magana ba, doki yake jawowa. A nan ya gane ashe ba kwarjininsa ne ya tsare lungun ba, faɗin cikin Danda ne da dami biyu na ciyawa. Kuma da wane baki zai ce a bar mace mai rai a cikin ƙazanta saboda gawar da ba a yi ba tukuna? Ya ce, “Allah ya ba ta lafiya.” Saddique ya ɗauki wannan a matsayin izini ya tashi.

Ranar Asabar magini ya fara. Tun safe Sayibu na jin ƙarar cokalin siminti daga inda yake zaune, sau uku yana yunƙurin tashi yana komawa. Zuera ta bar keken ɗinkinta ta fito.

“Baba, kai ba ka zuwa ka gani? Sun ci hanya fiye da abin da ya faɗi.”

“In je da me, Zuera?”

Ta koma ciki tana share ido da bakin mayafi. Sai da aka yi azahar, yana fitowa daga masallaci, idonsa ya faɗa kan makarar unguwa a jingine a bayan ƙofa. Ya tsaya ya daɗe yana kallonta. Ya ce wa ladan ya ara masa ita na ɗan lokaci. Ladan ya firgita ya tambayi wa ya rasu, ya ce ba kowa, awo zai yi.

Shi a gaba, ladan a baya, suka shigo lungun da makara ba kowa a ciki. Mata suka yi ta janye kwanukansu suna salati. Katangar Saddique ta riga ta kai ƙirji. Da suka iso wurin, makarar ta ci karo da bulo ta tsaya cik. Magini ya ajiye cokali. Saddique ya fito daga gida hannunsa duk siminti.

“Kama nan,” in ji Sayibu. “Ni hannuna ya mutu.”

Saddique ya karɓi gaban. Suka gwada a miƙe, ta ƙi. Suka ɗaga sama, rufin kwanon maƙwabci ya tare. Magini ne ya ce a karkata ta. Suka kwantar da ita a gefe ɗaya, kusan a tsaye kamar ana shigar da ƙofa, sai ga ta ta wuce tana gogar bulo.

“Ka gani, Baba,” in ji magini da fara'a, “yana wucewa.”

“Yana wucewa,” in ji Sayibu. Ya dafa sabuwar katangar yana maida numfashi. Ta tagar ɗakin ya hango Hajiya Shifa a kan gadonta tana kallonsu, bakinta a karkace, ta ɗaga masa hannunta mai lafiya. Ya ɗaga mata nasa. Sannan ya juyo ga Saddique, ba faɗa a muryarsa, gajiya ce kawai.

“Yi gininka, ɗana, uwarka ta fi ni buƙata. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da za ku fitar da ni, kai za ka riƙe gaba kamar yau. Ku nemi igiyar Danda, tana nan a turke, ku ɗaure ni da kyau kafin ku karkata. Kada in faɗo a gaban mata.”

Saddique ya ajiye gaban makarar a ƙasa a hankali kamar da mutum a ciki, ya zauna a kan bulo ya rufe fuskarsa da hannuwansa masu siminti. Ba a ƙara sa bulo ko ɗaya ba ranar, amma ba a cire ko ɗaya ba. Ran Litinin magini ya dawo ya ƙarasa, don tsohuwa ba za ta jira ba.

Yanzu in ka shiga lungun za ka ga katangar, ita kaɗai ce sumul a cikinsu. Baba Sayibu na bi ta gabanta sau biyar a rana zuwa masallaci, yana ɗan karkata kafaɗa. Igiyar kuwa ya kwance ta daga turke ya wanke ta da sabulu, ya naɗe ya ba Zuera, ta ajiye a akwatin da likkafaninsa yake.