Ranar da Na'ura ta Ga Sanƙona

Shekara ashirin ina ɓoye sanƙona, har uwargida ta kusa rantsuwa da hula aka haife ni. Ranar kasuwar Dungas na shiga butik, wato shago, sayen layin salula. Mai butik ya ce, "Malam, cire hular, na'ura za ta ɗauki fuska."

Na ce, "Rufa mini asiri! Ƙyallin zai makantar da rabin kasuwa."

Na cire, aka sha dariya. Na tambaye shi ina hoton zai je, ya nuna sama.

Bisa kabu-kabu, a hanyar komawa gida, dariyata ta ƙare. A garinmu Dogo-Dogo, duk wanda ya san fuskata na san tasa, na san gidansu. Mai riƙe da hotona yanzu, ko gaisawa ba mu taɓa yi ba.