Abin da Sale Ya Ɗauka a Kaset

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Sale, Allah Ya ji ƙansa. Masu yabonsa sun yi yawa yanzu. Abin da ni zan faɗa daban ne, kuma na san ba zai ƙara mini daraja ba.

Ni ne makaɗin gidanmu. Tun ina saurayi nake kaɗa gurmi, ana kirana biki daga Haɗeja har Birniwa. Sale kuwa gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa, ko tafi bai iya ba. Amma yana da wata tsohuwar rikoda da yake ratayawa ya shiga fadama. Ya ɗauki ƙarar gorunan masunta a kan ruwa ranar su, wato kamun kifi na gayya, da gwangwanayen da manoma ke ɗaurawa a igiya don korar tsuntsaye daga shinkafa, da tarin injin ban ruwa kafin ya tashi. In ya dawo shago sai ya yanka zaren kaset, ya liƙa wannan da wancan, ya ce ya yi waƙa. Mutane suka ce yaron nan sai addu'a. Har da ni a masu faɗa.

Wata rana na tafi da shi biki Kirikasamma don ya ɗauki kiɗana. Da muka dawo ya kunna, sai na ji luguden mata a bayan danga, gurmina can ƙasa-ƙasa kamar kukan sauro.

Na ce, "Sale, wane irin wulaƙanci ne wannan?"

Ya ce, "Yaya, ai kai kowa ya ji ka. Su fa?"

Wata biyu ban yi masa magana ba.

Bara 'yarsa Hauwa ta kwashe kaset ɗin duka ta juye a waya. Yanzu samari daga Kano suke zuwa har zaurena, su durƙusa su gaishe ni, sannan su tambaye ni yadda Sale yake aikinsa. Gurmina na rataye a saman kansu, babu mai ɗaga ido. Ina ba su amsa, kishi na cina. Ɗayansu ya ce mini ciyawa ta toshe mashigin da Sale ya ɗauki gorunan nan, an daina yin su a wurin, sai a kaset kaɗai za a ji. Na sani mana, ai a garin nake. Da Sale na raye, ina jin ba zai bi ta kan yabonsu ba, ƙarar takalmansu a kan tsakuwa zai tsaya saurare.

Ran Juma'ar da ta wuce Hauwa ta zo da hantsi ta ce, "Baffa, ji wannan, na kasa gane ko mene ne." Tankaɗe ne. Rariya na bugun tafin hannu, sau uku a tsaya, sau uku a tsaya, sai ɗan gyaran murya. Innarmu ce. Na ce ta maimaita, ta yi ta maimaitawa har aka kira sallah.

Shekara arba'in ina wasa manyan mutane da gurmi. Yawancinsu sun mutu, waƙoƙin sun bi su. A gida ɗaya muka tashi da Sale, a gindin rariya ɗaya, kuma ni ake kira makaɗi, amma ban taɓa jin kiɗa a hannun uwata ba. Shi ya ji, ya ajiye mana. Kullum da safe yanzu sai na kunna, in yi musu addu'a su biyu, sannan in tambayi kaina inda nawa kunnen yake a lokacin.