Hotunan da Manga Bai Goge Ba

Shekara ashirin da bakwai Manga ya yi yana ɗaukar hoto a ɗan shagonsa na unguwar Kachalla Sembe: fasfo, suna, ɗaurin aure. Hotonsa tas yake fita, har zaren aikin hula kana iya gani. In hoto ya ɗan girgiza, nan take yake gogewa, ko da mai shi ya ce ya yi masa.

Ana nan sai yanar ido ta fara rufe wa matarsa Kadijatu gani. Ta ɓoye abin, sai ranar da ta wuce 'yarsu Mufida a bakin kasuwa ba ta gane ta ba. Mufida ta dawo gida da fushi.

Bayan la'asar Manga ya zauna kusa da matarsa a tabarma.

"Wai yaya kike gani?"

"Dishi-dishi, Baban Mufida."

"Na ji. To ni yanzu, yaya nake?"

Ta daɗe tana kallonsa. "Farar rigarka ta narke cikin bango. Fuskarka kamar inuwa a cikin ruwa. Daga zamanka na san kai ne."

Washegari ya samo ɗan gilashi, ya shafa masa basilin, ya ɗaura a gaban kyamara. Ya tafi gadar kogin Mayo Gwoi, inda mata ke wanki. Ya saita kyamarar yadda idonta zai ɗan jima a buɗe, yana dannawa yana jan hannu a hankali. Zannuwan da aka shanya suka zama zirin ja da shuɗi. Keke Napep ya wuce, ya bar doguwar jela. Duwatsun bayan gari kamar suna iyo.

Tobias, telan da ke maƙwabtaka da shagonsa, ya leƙa ya gani. "Oga Manga, kyamara ya lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau."

Kullum sai ya wanko biyu ko uku ya kawo gida. Kadijatu ta kai hoton daf da idonta na dama, mai sauran gani, ta yi masa gyara. "Hasken ya fi haka bazuwa. Kuma ja ba ya ɓacewa, shi nake fara gani."

Ya yi wata guda yana gyarawa. Daga ƙarshe ya sa Mufida ta tsaya a bakin kasuwa, daidai inda uwarta ta wuce ta, ya ɗauke ta. Da ya miƙa wa Mufida hoton, sai ta nemi kanta ta rasa. Ɗan ɗigon ruwan ƙasa kawai ta gani, launin hijabinta, a cikin taron launuka. Tun daga ranar, kafin ta ɗaga labulen ɗakin uwar, sai ta ce, "Dada, ni ce."

Bayan damina aka yi wa Kadijatu aiki, idanun suka buɗe. Manga ya tattara hotunan zai zuba a akwati, ta hana. Ta zaɓi na masu wanki ta rataye a falo.

Har yau fasfo yake ɗauka daga Litinin zuwa Juma'a. Ranar Asabar kuwa tare suke fita bakin kogi, ita ke riƙe da kwalbar basilin, kuma in ya lafta da yawa ba ta yi masa shiru.