Shafin Da Fim Ya Tsallake

Ko da tsufa zai kwashe mini sunayen duk ɗaliban da na koyar a Kafanchan, akwai rana guda da ba zan taɓa mantawa da ita ba.

A lokacin ina koyar da adabin Turanci a wata sakandare, kuma ni mace ce da ba a ja da ita a aji. Littafinmu na shekarar tsohon wasan kwaikwayo ne a kan gidaje biyu masu gaba: ɗan wannan gida ya so 'yar wancan, ƙarshe dukansu suka mutu. Turancinsa kuwa sai ka ce ana tauna tsakuwa. Da na ga yara sun fara hamma, sai na aro talabijin, aka tayar da janareta, na kunna musu fim ɗin da aka yi a kan wasan. Ni a ganina na yi dabara. Ashe ruwan dafa kaina na ɗebo.

Fim ɗin ya yi kyau, ban musa ba. 'Yan mata har da share hawaye da bakin riga. Amma a kan gawa biyu ya tsaya, iyayen suka fice kowa ta ƙofarsa. A littafi kuwa da sauran shafi ɗaya, inda ubannin biyu suke tsayawa a bakin kabari su miƙa wa juna hannu. Na nuna wa yara bambancin, na ce masu fim sun ci amanar marubuci. Na kuma sanar cewa ranar ba da kyaututtuka za mu yi wasan da Hausa a gaban iyaye, har shafin ƙarshe.

Matsayin uban saurayi na ba wani dogon yaro daga ƙauyen Nok, ɗan manoman citta. Uban budurwa kuma ɗan wani mai shagon atamfa ne a kasuwar Kafanchan. Wallahi muryoyinsu kawai na duba.

Gwaji ya yi ta tafiya lafiya, sai da muka zo shafin nan. Ɗan mai atamfa ya miƙa hannu, ɗan Nok ya zura nasa a aljihu. Na daka masa tsawa, ko gezau. Bayan an tashi na tsare shi, ina shirin wanke shi tas, sai ya gaya mini wansa ya kawo citta kasuwa a ranar da rikici ya tashi a gari, bai koma gida ba. Ya ce mamarsa za ta zo kallon wasan, kuma ba zai yi musabaha da ɗan ɗaya ɓangaren rikicin a gabanta ba.

"Malama, fim ne ya faɗi gaskiya," in ji shi. "Wanda ya rubuta littafin bai taɓa binne nasa ba."

Na ji kunya ƙwarai, domin wata uku ina yi masa bayanin mutuwa da alli a hannu. Abokan aikina suka ce in yanke shafin kawai, tunda masu fim ma sun yanke. Na ƙi. Na gaya wa yaron shafin yana nan, amma hannunsa nasa ne, ba zan tilasta shi ba. Ɗan mai atamfa, wanda su ma an ƙone musu shago a rikicin, ya ce shi dai zai miƙa nasa.

Ranar ta zo, zaure ya cika. Ga matan zumunta na coci da zannuwansu iri ɗaya, ga 'yan kasuwa da manyan riguna. Masoyan suka mutu yadda ya kamata. Ɗan mai atamfa ya tako, ya miƙa hannu. Ɗan Nok ya tsaya ƙiƙam yana kallon ƙasa. Hannun nan ya daɗe a miƙe, ni kuma ina bayan labule gumi ya jiƙe mini baya.

Sai wata 'yar tsohuwa ta miƙe daga benci na uku. Mamarsa ce. Ba ta taɓa karanta littafin ba, ba ta ga fim ba, ba ta ma ɗaga murya ba.

"Kai, kama hannun shi," ta ce. "Ba shi ya kashe ɗan'uwanka ba. Ni na binne ɗaya, ya isa."

Ya ɗago ya dube ta, sannan ya fitar da hannu daga aljihu ya kama. Duk jawabin da na sa suka haddace, ko kalma ɗaya ba su faɗa ba. Ba a yi tafi nan take ba, sai ƙarar masu fyace hanci.

Har yau ina nuna wa ɗalibai fim ɗin, amma na daina zagin masu shi. Na gane cewa mutuwar masoya ita ce mai sauƙin nunawa, kowa zai yi kuka ya tashi ya kama gabansa. Mai wuyar shi ne shafin da aka bar wa masu rai. Kuma ba malami ne yake ba da izinin buɗe shi ba, sai wanda ya binne nasa.