Kalmar da Mushe Habu ya bar wa matarsa

Shekara bakwai ke nan da muka kai Mushe Habu makwancinsa, Allah ya jiƙan sa. Tare muka yi karatun allo a Birni. Ni na zauna a kan tawada da ajami, shi kuma aka kai shi lakwal, wato makarantar boko, ya zama malami, ana ce masa Mushe, ya koyar a Guna da wasu ƙauyuka har ya ajiye aiki ya dawo Damagaram. A wannan dawowar ce ya sayi kwamfuta ya kafa ta a ƙuryar ɗakinsa.

Ban taɓa ganin mutum mai zargin abin hannunsa kamar Habu ba. Kullum idon kyamarar a liƙe yake da ɗan ƙyalle. Idan baƙo ya zo da kile, wannan ɗan ƙarfen da ake ɗaukar takardu a ciki, yana son a buga masa wani abu, Habu zai ba shi shayi, ya ba shi haƙuri, amma kilen ba zai shiga ba. "Ban san inda ya kwana ba," haka yake cewa. Saƙon da bai san mai shi ba ba ya buɗewa. Idan na'urar ta nemi a sabunta ta, sai ya bar abin da yake yi ya sabunta, ya share mata ƙura, kuma da an ɗauke wuta yake zare igiyarta daga bango. Ranar da ta lalace kuwa, a kan cinyarsa ya ɗauke ta bisa kabu-kabu zuwa unguwar Zango, ya zauna kusa da mai gyara tun hantsi har la'asar. Salla ma sai da ya sa aka kashe ta kafin ya tashi.

Na sha yi masa tsiya. Na ce, "Habu, asirin sarautar Damagaram ne a ciki?" Ya ce, "Gidana ne a ciki. Hotunan matata Falmata da yara ba lulluɓi, da muryoyinmu. Kai kana barin ƙofar cikin gidanka a buɗe don kana kyautata zato?"

Yau idan na ga yadda muke, nakan tuna da shi. Saƙo ya faɗo wayar dattijo, an ce ya taɓa nan ya ga abin mamaki, sai ya taɓa, ya kuma tura wa jama'ar masallaci. Mutum ya bar na'urarsa a shago sati guda a buɗe, ya tafi harkarsa. Da Habu yana nan, ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai dai daina karɓar saƙonmu.

Da ya rasu, mata ɗaya ya bari da 'ya'ya mata, don haka ƙanensa Sale ya shiga gado. Malaman da suka raba sun yi adalci iyakar saninsu. Sun dubi kwamfutar yadda suka dubi firij da keken ɗinki, ta faɗa rabon Sale. Hajiya Falmata tana takaba a lokacin, daga baya kuma ta ji nauyin roƙon abin da shari'a ta ba wani. Ta ce ai kwamfutar tana cikin dangi. Sale bai taɓa iya buɗe ta ba, domin Habu ya kulle duk abin da ke ciki da wata kalma. Bana, bai shawarci kowa ba, ya sayar.

Bayan ƙaramar salla wani mutum ya yi mini sallama, fes da shi, mai yawan ladabi. Ya ce shi ya sayi ordinatar marigayi, wato kwamfutar, an ce masa ni ne amininsa, ko na san kod, kalmar da ake buɗe ta da ita? Na ce ban sani ba, amma ai mai gyara zai iya goge ta ta koma sabuwa. Ya ce a'a, tausayin iyali yake ji, kada a yi asarar abubuwan tunawa. Tausayin nan ne bai kwanta mini ba. Wa ya gaya masa abin da ke ciki? Na ce ya kawo ta gidan Hajiya ta buɗe da kanta. Ya ce tana shago an riga an fara aikinta, sai dai Hajiya ta zo.

Na kai mata maganar. Ta ce, "Malam, akwai karatunsa na azumin ƙarshe a ciki. Mu je."

Shagon ɗan ƙarami ne a Zango, cike da gawarwakin na'urori. Ga kwamfutar Habu a kan tebur, a kunne, tana jiran kalma. Mai gyaran ya ja wa Hajiya kujera, mai saye yana tsaye a bayanta. Hajiya ta yi lakwal, tana karanta faransanci, kuma ta yi zama da Habu. Ba allon ta fara duba ba, bayan na'urar ta leƙa.

"Wannan igiyar da ta shiga cikin akwatin can, ta mece ce?"

"Ta aiki ce, Hajiya," in ji mai gyaran.

"Wane aiki?"

"Ke dai buga kod, mu kwashe miki kayanki a kile, ki huta."

"Kilen wa?"

Mai saye ya yi dariya. "Hajiya, ai mu 'ya'yanki ne."

"'Ya'yana suna cikin nan," ta ce. "Ku fita waje ku ba ni wuri, a zare igiyar."

Suka dubi juna. Mai gyaran ya ce idan an zare komai zai iya lalacewa. Mai saye ya ce shi dai kayansa ne, ba ya matsawa. Hajiya ta naɗe hannuwanta cikin mayafi ta ce, "To goge. Duka. A gabana."

Na sunkuya na ce mata, "Hajiya, muryarsa fa." Ba ta dube ni ba. Muka zauna tana karanta abin da allon ke rubutawa, tana sa mai gyaran ya maimaita inda ba ta gamsu ba, har na'urar ta tashi wayam kamar ba a taɓa sanin wani Habu ba.

Har yau ban san ko mutanen nan suna da mugun nufi ba. Mai yiwuwa igiyar ta aiki ce da gaske, kuma na nemi gafarar Allah idan na zalunce su a zuciyata. Amma Habu bai taɓa cewa kowa ɓarawo ne ba. Abin da ya riƙe shi ne, abin da ba za ka iya dawo da shi ba idan ya fita, ba ka jingina shi a kan murmushin baƙo. Littattafansa sun watse, na'urar tana hannun wani, muryar ta tafi. Abin da ya saura shi ne macen da ta zaɓi ta rasa shi karo na biyu a kan 'ya'yanta su zama abin kallo a wayoyin gari.

A bakin titi muna jiran abin hawa na tambaye ta ko tana baƙin ciki. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ina yi, Malam. Kalmar tana nan a kaina, ni kaɗai na san ta. Yanzu ba ta buɗe komai."

Allah ya haskaka kabarin Habu, ya rufa wa iyalinsa asiri.