Ranar Da Na Ce Wa Mai Haraji 'Yata Ƙanwata Ce

Ku matso kusa 'yan'uwa, zan faɗa muku abin da ko ƙawayena na unguwa, da suka san ni da surutu, ba su taɓa ji daga bakina ba. A shekarun da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni matar cikin gida ce a Gyadi-Gyadi. Karatuna bai wuce na allo da 'yar firamaren da ban gama ba, amma Allah ya ba ni kunne, ko a bayan katanga aka yi magana sai na ji. Ban taɓa aikin waje ba sai da maigidana ya rasu ya bar ni da 'ya'ya uku. Bayan na fita takaba, yayansa ya yi min hanya aka ɗauke ni aikin shara a wani ƙaramin asibiti a Tarauni.

'Yata ta fari tun yaye aka kai ta wurin kakarta a Unguwar Gano, kamar yadda aka yi min ni ma. Kunyar 'yar fari ta sa ban taɓa kiran sunanta ba, ita kuma Yaya take ce min. Da kakar ta rasu, sai ta dawo hannuna tana sakandare, doguwa, mai shiru-shiru. Ita ke yi wa ƙannenta wanka, ita ke karanta min duk takardar da ta shigo gidan. Allah ya sani ina son yarinyar nan, amma in zan kira ta, sai dai in ce ke.

Ranar da aka ce sababbin ma'aikata mu je cike takardun albashi, da ita na tafi don ta rubuta min. Ofis cike da mata, ga kuma yayan maigidana a tsaye a bakin ƙofa, ya zo ganin yadda za ta kaya. Akawun wani mai barkwanci ne. Ya yi mana bayani cewa gwamnati tana cire harajinta tun kafin albashi ya iso hannu, amma ba a yankar wa kowa daidai. Mai ɗauke da 'ya'ya ana sa ta a rukunin da ake sassauta wa, kowane yaro da rangwamensa, muddin ƙarami ne ko yana makaranta. Na ji, na kuma gane sarai, kada wani ya ce jahilci ne ya ci ni. Da ya tambaye ni 'ya'yana nawa, na saci kallon surukina, na ja mayafi na ce biyu. Ya nuna ta da baki ya ce to Hajiya wannan mai irin hancinki fa, a kasuwa kika tsinto ta? Mata suka kwashe da dariya. Na ce ƙanwata ce. Ya ce in dai sake tunani, don ƙanwa ba ta rage haraji. Na ce na faɗa masa.

Biron yana hannunta. Ta rubuta sunayen ƙannenta biyu, ta ɗora bakin biron a layi na uku ta tsaya. Ina ganinta ta wutsiyar ido, na kawar da kai. Can ta miƙa masa takardar.

Aka soma albashi. Kunnen nan nawa bai bar ni ba, na jiyo abokiyar sharata, ita ma mai 'ya'ya uku, tana faɗin abin da ta karɓa, ashe ya ɗara nawa. Ba wani abin kirki ba ne, kuɗin sabulu da kananzir ne, amma duk ƙarshen wata sai na cika gidan da mita, ina cewa farar hular ma zaluncin suka zo yi wa mai marayu. Wata rana ina cikin wannan mita 'yar tawa tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce Yaya ba wanda ya zalunce ki, abin da kika ƙirga shi suka ƙirga. Ta ce ta san al'ada ce, kaka ta sha gaya mata, amma ta zaci tunda Baba ya tafi kaka ma ta tafi, dole a samu mutum ɗaya a duniya da zai ce ita tasa ce. Sannan ta roƙe ni in bar ta ta koma gidan gwaggonta a Hotoro. Ni mai bakin nan, ina zaune ta haɗa kayanta.

Na daɗe ina shara ina haɗiye abin kafin na koma wurin akawun ni kaɗai na ce masa ƙarya na yi. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya ce ana gyarawa, in kawo takardar haihuwarta da shaidar makaranta. Takardun kuwa suna cikin jakarta, dole na hau mota zuwa Hotoro. Na yi sallama, gwaggon tana tsakar gida da baƙi, yarinyar tana wanke-wanke ta ba ni baya. Na buɗe baki zan ce ke, sai na ji ba zan iya ba kuma. Na kira sunanta. Ta waiwayo da kumfa a hannu tana dube-dube, tana neman wanda ya kira ta, don ba ta san yadda sunanta yake fita a bakina ba.

Ta biyo ni gida, aka gyara takardar, da hannunta ta cike layin nan. Yau tana ɗakinta da 'ya'yanta, kuma har gobe Yaya take ce min. Na taɓa cewa ta riƙa kirana Umma, ta yi murmushi ta ce bakinta ya riga ya saba.

Don haka duk wadda aka tambaya nauyin da ke kanta a wurin aiki, ta faɗi gaskiya a sa ta inda ya dace, haƙƙinta ne. Kunya adonmu ce, ban ce a yar da ita ba, amma tawa 'yata ce ta biya kuɗinta. Ke da kike karanta wannan, yaushe rabon da ɗanki na fari ya ji kin ce shi naki ne?